Ƙwarya da Idona na Dama

Duk shekara sai an turo mana ɗalibai koyon aiki a ɗakin na'urori, kuma duk shekara sai na ji wani cikinku ya raɗa wa ɗan'uwansa cewa aikin Baba Mamman ai danna maɓalli ne kawai. Ina jin ku sarai. Idona ne ya samu matsala, kunnena ƙalau yake. To ku gyara zama, tunda yau babu wuta kuma mai janareta bai iso ba, in gaya muku abin da ke bayan maɓallin nan.

Wannan cibiya tamu ta binciken ido da ke kan hanyar Bida, lokacin da na zo ɗaki ɗaya ce doguwa da baranda. Kayan da ke ciki sun fi ƙarfin mutum ɗaya ya mallaka, shi ya sa aka tara su wuri guda, kowa ya zo ya yi aikinsa ya tafi: malaman jami'a daga Gidan Kwano, likitocin ido daga cikin gari, ɗalibai masu neman babban digiri. Ɗakin Kowa ake ce masa. Mai riƙe da makulli kuwa mutum ɗaya ne, Oga Bitrus, wani Bagware ɗan Garatu, gajere, mai kaurin yatsu, wanda in ka gan shi sai ka rantse doya kaɗai ya iya tonowa. Amma da yatsun nan yake zare sukurun da bai kai ƙwayar gero ba.

A Kpakungu ya tsince ni. Ina da ɗan teburi a bakin titi ina gyaran agogo da rediyo, a lokacin na yi aure har da 'ya'ya biyu. Ya kawo agogonsa, na shimfiɗa farin ƙyalle, duk abin da na kwance sai in jera shi bi da bi daga hagu zuwa dama. Yana tsaye yana kallo. Da na gama na mayar masa, sai ya ce, “Wanene ya koya maka jera abu haka?” Na ce tsoron ɓatar da kayan mutane ne ya koya mini. Ya ce, “Ka zo ranar Monde. Akwai aiki da yana son mutum mai soro.” Haka Hausarsa take, ba ya wahalar da kansa da haruffa masu lanƙwasa, kuma mace da namiji duk “ya” ne a wurinsa. Ashe agogon ma lafiyarsa lau, ni ya zo aunawa.

Aikin farko da ya ba ni wani madubin ƙara girma ne da funfuna ta kama. Ku da kuka taso da na'urar sanyaya ɗaki ba ku san yaƙin da muka yi da daminar Minna ba. Ruwa na sauka, laima za ta shige cikin gilashi, sai ka ga wani abu kamar saƙar gizo ya yaɗu a ciki, in aka bar shi sai ya ci fuskar gilashin har abada. Na ɗauko auduga zan goge, ya riƙe mini hannu. Wata shida cur bai bar ni na taɓa gilashi da komai ba sai iska. Wata 'yar roba ce mai kama da albasa, ka matsa ta hura, ka ɗaga gilashin a hasken taga ka duba, ka sake hurawa. Bayan nan ya ba ni burushi mai laushi, bayan burushi takardar goge madubi, wadda ake shafawa sau ɗaya daga tsakiya zuwa gefe a yar. Har yau in na ga ɗalibi ya kama bakin rigarsa zai goge gilashi, sai na riƙe masa hannu.

Muna da wani kabad na katako da Oga ya haɗa da kansa, ya sa ƙwan fitila a ƙasansa yana ci dare da rana don ciki ya zauna a bushe. Nan gilasai masu tsada suke kwana. Akwai kuma wasu 'yan duwatsu masu shan laima, shuɗaye ne in sun bushe, in sun ƙoshi su koma ja-ja. Duk Juma'a da safe sai in zuba su a kasko in soya a kan risho har shuɗinsu ya dawo. Wata ma'aikaciya sabuwar zuwa ta taɓa leƙowa ta ce in ɗan sam mata gyaɗa.

Idon saniya kuma ni ke sayowa. Masu bincike suna bukatarsa sabo, don haka da sassafe nake hawa babur da kula cike da ƙanƙara in nufi mayanka. Mahauta sun daɗe suna ɗauka wani boka nake yi wa aike, har wani ya ja ni gefe ya ce in maganin farin jini ne a sa da shi. Idan na kawo, za mu daskarar da shi, mu ɗora a injin yanka, ya riƙa fitar da shi sala-sala, siriri fiye da ɓawon albasa. Wuƙar injin nan Oga ke wasa ta da hannunsa, kuma ko Farfesa bai isa ya taɓa ta ba.

Batun su Farfesa kuwa, sai wanda ya gani. Akwai allo a bakin ƙofa inda kowa ke rubuta ranarsa da sa'arsa da alli. Sai babban mutum ya zo, ya sa gefen hannu ya share sunan ɗaliba, ya rubuta nasa. Oga ba ya faɗa da kowa. Zai bari sai mutumin ya zauna ya gyara babbar riga, sannan ya ce cikin ladabi, “Ranka ya dade, injin yana hutawa yau.” Injin kuma ba zai tashi daga hutu ba sai ɗalibar nan ta dawo. Na ga waɗanda suka yi kuka a ɗakin nan don hoto ya ƙi fita, na ga waɗanda suka yi rawa. Da yawansu yanzu manya ne, sunayensu na cikin littattafai. Namu ba ya ciki, sai dai wani lokaci a can ƙarshe a ce an gode wa ma'aikatan ɗakin na'urori. Bai taɓa damuna ba. Na ji daɗin shekarun nan ƙwarai, kuma ina kewarsu.

Yanzu bari in zo kan Ƙwarya. Ita ce waccan da ke lulluɓe a kusurwa, wadda kuke ajiye jakunkunanku a kanta. Rabin ƙwallo ce fara mai faɗi, shi ya sa muka sa mata sunan. Mutum zai ɗora haɓarsa, a rufe masa ido ɗaya, ya ƙura ɗayan a tsakiya. Ni ina baya ina jawo ɗan ɗigon haske daga can gefe zuwa ciki a hankali. Da zarar ya hango shi sai ya danna ƙararrawa, ni kuma in ɗiga fensir a takarda. In an zagaye ko'ina aka haɗa ɗige-ɗigen, sai taswirar ganinsa ta fito. Mai lafiya tasa faɗi take yi. Mai hawan jinin ido, wanda likitoci ke kira glakoma, tasa tsukewa take, don ciwon daga gefe yake fara cin gani, ba zafi ba ƙaiƙayi, mutum bai sani ba. Abin da ya ci ba ya dawowa, amma in an kama shi da wuri maganin ɗigawa yana tsayar da shi.

Duk amfanin Ƙwarya yana ga ƙarfin ɗigon hasken nan. In ya yi yawa, mai ciwo ma zai gan shi ya wuce a matsayin mai lafiya. Akwai ma'aunin haske da ya zo tare da ita, amma laima ta kashe shi tun kafin zuwana, kuma takardar neman sabo ta yi ta yawo daga ofis zuwa ofis. Sai Oga ya ƙirƙiro tasa dabarar. Kowace safiya, ƙarfe bakwai da rabi, kafin kowa ya zo, shi zai zauna in ja masa haske mafi rauni a wurare takwas, sannan ni in zauna ya ja mini. Kullum idon dama, kullum wuraren nan takwas. In taswirarmu ta yau ta hau kan ta jiya, Ƙwarya lafiya. In mu biyu duka muka ga canji, to fitila ce, sai a gyara ta da wani ɗan ƙulli da ke baya. Oga ya ɗiga jan fenti a daidai inda ƙullin ya kamata ya tsaya. Shekara goma sha ɗaya muna haka, har na san idonsa fiye da yadda matarsa ta sani.

Ranar da ya yi ritaya zai koma gonarsa, ya miƙa mini makulli, ya ce, “Mamman, ka samu mutum na biyu. Ido daya ba ya shaida kansa.” Na ce to. Ban samu ba. Ba a ɗauki kowa a gurbinsa ba, masu bincike kuma ba mai zuwa bakwai da rabi. Sai na roƙi mai shara ta riƙa ja mini hasken kawai, ni in zauna. Gaskiyar magana, na ɗauki idona ma'auni. Ni da nake ganin funfuna tun tana ƙwaya, wa zai gwada mini gani?

Shekarar da ta ɓaci ita ce shekarar Dakta Rahila. Likitar ido ce, matashiya mai yawan shiru, tana bincike kan yadda hawan jinin ido yake a tsakanin manoman Garatu da Fulanin da ke zaune kusa da su. Duk Talata da Alhamis take kwaso mutane a bas. Tana auna su da wasu na'urorin, amma wanda nasa ya tsaya tsaka-tsaki, Ƙwarya ce ke raba gardama. In taswira ta tsuke a ba shi magani a tura shi asibiti, in ta yi faɗi a sallame shi.

A farkon daminar nan na lura ɗigon safe ya fara yi mini dishi-dishi ta sama wajen hanci. Na ce ƙwan fitilar ya tsufa. Na zagaya baya na murɗa ƙulli kaɗan, na zauna, ya dawo tas. Bayan 'yan makonni ya sake, na ce ƙarfin wuta ne ya ragu, na ƙara. Na canza ƙwan ma, na ce sabon jabu ne, na ƙara. Jan fentin Oga ina ganinsa yana nisa, ina cewa a raina ai tsohon saiti ne.

Cikin mutanen da aka kawo akwai Buba, wani Bafulatani dogo mai barkwanci, makiyayi, zai yi shekara hamsin. Ya leƙa Ƙwarya ya ce bai taɓa ganin ƙwarya mai girma haka babu ko ɗigon nono ba. Ya danna ƙararrawarsa, taswira ta fito da faɗinta. Yana sa hularsa ya ce, “Malam, yaya ka gani? Wani lokaci maraƙi na gefena ba na ganinsa sai ya yi kuka.” Oga ya sha hana ni gaya wa mutum sakamako, wannan aikin likita ne. Amma bakina ya riga ni. Na ce, “Garau kake, Buba. Je ka ka yi kiwonka.” Da bas ta dawo ranar Alhamis ya aiko mini da man shanu a 'yar kwalba.

Mama Ladi ce ta tona asirin, ba tare da ta sani ba. Wata dattijuwa ce manomiya, ita ma ta ci jarrabawar Ƙwarya sumul. Ta saɓa ƙullin kayanta a kafaɗa yadda matan Gwari ke yi, ta nufi ƙofa, sai ji muka yi ƙum, ta daki katakon ƙofar da gefen fuska. Ta yi dariya ta ce, “Kullum haka ne, wannan gefe kofa yana zuwa ya same ni.” Dakta Rahila ta dubi matar, ta dubi takardar da ke hannunta, ta daɗe tana dubawa.

Da mutane suka watse ta ce, “Baba, yaushe rabon da a duba hasken Ƙwarya?”

Na ce, “Yau da safe, da idona.”

Ta ce, “Da na wa kuma?”

Nan na hau dokin zuciya. Na ce mata tun tana firamare nake riƙe da ɗakin nan, in taswira ba ta yi mata daɗi ba ta binciki lissafinta. Ta tattara takardunta ta fita. Washegari da hantsi sai ga motarta ta tsaya, Oga Bitrus ya fito daga ciki da takalmin roba, da taɓon gona har gwiwa.

Ko ruwa bai sha ba ya ɗora haɓa. Na ja masa haske mafi rauni. Tun yana can bakin gefe ya danna, ya ɗago kai ya ce, “Mamman, wannan fitilan mota ne?” Ya zagaya baya, ya tsuguna, ya ga inda ƙulli yake da inda fentinsa yake. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya mayar da ƙullin kan ja, ya ce, “Zauna.”

Na zauna, Dakta ta rufe mini idon hagu. Na ƙura wa tsakiya ido, yatsana a kan ƙararrawa. Fari fat, ba komai. Na jira, na jira. Can na ce, “Oga, ka fara mana.”

Ya ce, “Na fara tun dazu.”

Sai na gane. Ciwon da nake taya mutane nema shi ya ci kusan rabin idona na dama, na hagu yana rufa masa asiri. Duk lokacin da idon ya ragu sai in ƙara wa Ƙwarya wuta ta bi shi. Na ji tsoron makanta, ba zan ɓoye muku ba, amma abin da ya fi damuna shi ne tarin takardun da ke kan tebur. Mutum talatin da bakwai aka sallama da shaidata.

Dakta ta rubuta mini magani a tsaye, sannan ta ce, “Baba, aikina na wata huɗu ya tafi, wannan zan iya sake shi. Mutanen nan fa?” Na ce ni zan nemo su. Ta rubuta abin da ya faru a rahotonta ba ragi ba ƙari, har da sunana, kuma daidai ta yi. An ba ni takardar gargaɗi. Ma'aunin hasken da aka yi shekaru ana nema, cikin wata biyu ya iso.

Sauran daminar nan a kan babur na yi ta. Oga yana baya riƙe da takardar sunaye, don shi ya san gidan kowa da gonar kowa. Mu faɗi a taɓo, mu tashi. Wani ya zage mu, wani ya ba mu doya. Kowa sai na tsaya gabansa na ce kuskurena ne, ya daure ya dawo. Muka samu talatin da shida. Tara daga ciki suna da ciwon, har da Mama Ladi, aka ɗora su a kan magani.

Buba ne ba mu samu ba. Mun isa rugarsu muka tarar da turaku da toka, sun tashi sun yi kudu da shanu. Lambar wayar da ya bayar ta wani mai cajin waya ce a kasuwa. Na bar saƙo wurinsa, na bar wurin mata masu tallar nono, na bar a kara wurin dillalan shanu. Kwalbar man nan na kasa ci, na kasa zubarwa.

Damina uku ta wuce. Wata Talata ina baranda ina soya duwatsuna, sai ga wata mace tafe riƙe da kan sanda, dogon mutum yana riƙe da gindinta a baya. Na gaishe su. Mutumin ya karkata kai ya ce, “Muryar Malam mai ƙwarya ce wannan.” Na ce ita ce. Ashe Buba ne. Ya ce saƙona ya same shi bara, amma da yake na riga na ce garau yake, sai ya ɗauka tsufa ne, bai yi gaggawa ba.

Na zaunar da shi a benci na gaya masa komai, tun daga ƙulli har jan fenti. Matarsa, Hari, ta juya mini baya. Shi kuwa yana ta murza sandarsa, har na fara fatan ya ɗaga ta ya kwaɗa mini. Dakta ta duba shi. Na dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu saura ɗan kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta hudar makulli. Ta ce za a yi ƙoƙarin riƙe wannan.

Da suka fito ya ce, “Malam, kai naka idon fa?”

Na ce, “Ina ɗiga magani, ya tsaya.”

Ya ce, “Madalla. Ƙwaryar kuma ka gyara ta?”

Na ce na gyara.

Ya ce, “To a sa Hari a ciki. Idonta yanzu na mu biyu ne. Ka duba shi da kyau.”

Ban yarda na fara ba sai da na auna hasken da sabon ma'auni, na sa Dakta ta zauna na ja mata, ita ma ta ja mini da idon hagu. Sannan Hari ta ɗora haɓa. Na ja ɗigon nan, Buba yana zaune a bakin ƙofa yana sauraron ƙararrawa. Taswirarta ta fito da faɗi. Na miƙa wa Dakta takardar, na kama bakina, ita ta gaya musu.

Yanzu kuna da sabuwar na'ura mai auna kanta da kanta, ta buga muku sakamako da launi. Tana da kyau, ban raina ta ba. Amma muddin makullin ɗakin nan yana aljihuna, ba mai ɗora haɓarsa a kanta sai ma'aikata sun riga shi zama. Ku kwashe jakunkunanku daga kan Ƙwarya. Gobe ƙarfe bakwai da rabi nake son ganinku, kuma ku zo ku biyu.